Famfon Unguwar Rimi

Tsohon famfon da na gada wurin Baba Shekarau
murya ɗaya gare shi: ruri,
kamar tirela tana hawan gadar Kawo.
Mita na zuƙe kati,
manaja na zuƙe numfashi.

Sabon kuwa maɓalli huɗu ne da shi
da ɗan gilashi mai nuna lamba.
Ranar da aka ɗaura, Injiniya Kazah
ya goge hannu a wando ya ce,
"Tanimu, wannan ba ya son bulala.
Rage masa rabin gudu,
wutar da zai sha ba ta kai kwata ba."
Na ce to. A zuci na ce tatsuniya.

Sati guda na sake masa linzami
don in ji ƙara in san ina aiki.
Kati ya ƙare ran Alhamis.
Aka kira ni ofis, ba a ce in zauna ba.

Yanzu da asuba, kafin baƙin otal su farka,
nakan buɗe kwandonsa
in kwashe ganyen mangwaro, gashin wani,
fiffiken shinge da ruwan jiya ya koro.
Awa biyu nake ba shi ya yi sauri
ya janye abin da dare ya zubar a fuskar tafki.
Daga nan sai lamba ta ɗaya.
Sai ka kara kunne a jikin bututu
kafin ka yarda yana raye.

Haka zai wuni, yana jan ruwa
kamar tsohuwa na kaɗi,
yashin matata na kama datti a natse,
ba mai hankaɗa shi ya wuce.
In allura ta haura, in juya hannu,
in ba shi cikakken gudu minti uku
ya amayar da laka a kwata, shi ke nan.

Yau wata yarinya ta jefa kwabo
can ƙasan zurfi, ta ce in karanta shekararsa.
Daga bakin tayil na kusa karantawa.

Mahaifina ya yi shekara ashirin a masaƙar Kakuri,
bai yarda da injin da ba ya ihu ba.
Da ma yana nan in zaunar da shi a ɗakin nan,
in ce, Baba, saurara.
Ya ce, ban ji komai ba.
In ce, to, aikin ke nan.