Allon da Na Goge

Mazaɓar Gindin Kurna ba ta nan yanzu.
Kurnar ma an sare ta,
wani yaro ya kafa rumfar cajin salula a gurbinta.
Ni dai Nomau ɗan Arzika,
wanda ƴan lakwal suka kira mushe tun ina da raina,
ni na riƙe alli dare biyar a aji na uku,
fitilar ƙwai a kan tebur, ƙwari na faɗa mata,
sanda huɗu a tsaye, ta biyar ta kwanta bisa kansu.

Daren fari Alhaji Bizo ne, dillalin albasa,
alamarsa guga.
Ɗari uku da sha ɗaya a ajina.
Abokin karawarsa arba'in,
a ciki har da ta uwarsa.
Aka yi guɗa daga nan har tasha.
Ya tafi Yamai da alkawarin famfo a aljihu,
ya dawo da tumbi da farar mota.
An ce ya yi magana sau ɗaya a majalisa,
a kan kuɗin fiton albasa.

Dare na biyu shi ne dai,
sai dai gugan ya fara yoyo:
ɗari biyu ba uku.
Ba wanda ya yi guɗa sai ƙanwarsa.

Na uku ya faɗo daidai dawowar ƴan Abijan,
da rediyo a kafaɗa, da takalma masu ƙara.
Suka ce Asumane tela, mai alamar tsani.
Muka ƙirga, wakilin Bizo ya ce a sake.
Muka sake, mai ya ƙare,
aka aro fitilar mai shayi.
Wata ƙuri'a ta zo da tabon man ƙuli-ƙuli,
muka yi awa guda a kanta:
yatsa ne ko miya?
Zakara ya yi cara, tela na gaba da bakwai.
Wata goma sha huɗu ya yi a kujera,
rannan rediyo ya wayi gari da kiɗan soja.
Ya dawo kan kekensa.
Shi ya ɗinka mini wannan rigar,
dubi wuyanta, har yau bai saki ba.

Na huɗu ba na son zancensa.
Akwati ya fi layi nauyi.
Na rubuta abin da aka karanto mini,
na wanke hannu sau uku a randa,
allin bai fita ba.

Na biyar Tsahara ungozoma ta tsaya.
Ba ta raba sabulu ba, ba ta raba turmin zane ba.
Cewa ta yi: rabinku ni na yanke muku cibi,
ku dube ni da kyau.
A ajina ta ci, ɗari biyu da sittin da tara.
A mazaɓa duka ta faɗi da goma sha tara.
Da asuba aka buga mata ƙofa, matar wanda ya kada ta ke naƙuda.
Ta ɗauki jakarta.

Daga nan wani a Yamai ya aza abin ja-layi bisa taswira.
Rabi gabas, rabi yamma.
Layin ya bi ta lungunmu:
ni ina jefawa a nan,
ƙanena Mijinyawa, da muke shan fura a ƙwarya ɗaya,
sai ya ƙetare kwalta.

Kowace safiya bayan zaɓe
ni ke jiƙa tsumma in goge allo,
don yara na jiran lissafi.
Amma allon Tawa tsoho ne, yana riƙe abu.
Wata yarinya a bencin gaba, Kuluwa,
ta ɗaga hannu: mushe, wannan bakwai ɗin
na tarawa ne ko na ɗebewa?

Na ce ta buɗe littafinta.
Famfon kuwa, an kawo bututu bara.
Awaki na kwana a inuwarsa.