Littafin Awo

Littafi ɗaya ne da ni a shago.
Ta gaba, awon mutanen Aboabo:
faɗin kafaɗa, tsawon hannu,
da wanda ya biya, da mai cewa sai gobe.
Ta baya, in ka kifa shi ƙafa a sama,
awon karatun Iklima.

Shekara shida ke nan
tun da sikila ta kayar da ita a layin safe,
likita ya ce ƙashinta ba ya son sanyi.
Na ture keken ɗinki gefe guda,
na ce ga aji.

Talata, huɗu ga wata: lissafi, awa biyu,
sha bakwai cikin ashirin.
Laraba: Turanci, ta gyara mini kuskure uku,
na rubuta har da wannan.
Malam Owusu na zuwa ran Asabar
da kwalabensa da warin sinadari,
ya sa hannu a ƙasan shafi,
ni kuma in biya shi da riga.
Riga goma sha ɗaya, kimiyyar shekara uku.

Akwai shafin da ba na son buɗewa.
Kwana tara a gadon asibiti,
layi tara, babu maki,
sai dai: ta ce a karanta mata labarin ƙasa.

Wata damina kwano ya yi yoyo,
tawadar zango guda ta narke.
Na riƙe biro har aka kira asuba.
Wa zai sani in na cike da tamanin-tamanin?
Na rubuta: ruwa ya ci.

Jiya muka hau mota daga Kejetia
zuwa ofishin ɗaukar ɗalibai.
Matar ta karɓi sakamakon jarrabawar Nuwamba,
ta ce wannan kaɗai doka ta sani.
Duk da haka na miƙa littafin.
Ta buɗe ta gaba, ta ga ƙugun Alhaji Munkaila.
Na ce, juya, baiwar Allah.
Ta juya.
Ina hatimin makaranta? in ji ta.
Na nuna zoben da kofin shayi ya bari
a kan darasin watan Yuli.
Ba ta yi dariya ba.
Ta karanta har shayinta ya huce.

A hanyar komawa, cikin cunkoso,
Iklima na lilo da littafin a cinya.
Baba, wannan sifirin fa?
Na ce, naki ne, da guminki kika same shi,
ranar da kika kwafi amsa daga bayan littafi.
Ta rufe fuska da mayafi.

Awon riguna ya taho ta gaba,
awon karatu ya taho ta baya,
saura farar takarda ɗaya a tsakani.
Ban san me zan rubuta ba tukuna.
Ta ce in bar mata.