Kwalayen Don Eleuterio

A Valparaíso, can bisa tudu,
inda gidaje ke leƙen teku kamar masu jiran baƙo,
Don Eleuterio na da kwalin takalmi arba'in da bakwai,
babu takalmi ko ɗaya a ciki.

Katuna ne. Kowane kati magana ɗaya tak,
taura biyu ba ta taunuwa.
Lamba a kusurwa, jan fensir ga abin shakka,
a ƙasa kuma: "duba dubu uku da tara."
Haka jiragen da suka nutse
ke miƙa wa juna hannu cikin duhun kwali.

Da asuba yake rubutu, kafin shayi ya huce.
Wasiƙu su jira la'asar.
Jikarsa Fresia ta kawo masa kwamfuta,
ya gode, ya ɗora mata tukunyar fure.

Sai daren da ƙasa ta motsa.
Ba da ƙarfi ba, kofi biyu suka fashe,
amma kantar kwalayen ta tuntsure,
shekara talatin ta watse a daɓe
kamar an sheƙe hatsi.

Fresia ta durƙusa tana tsinta, tana hawaye.
Ya ce, "Tsaya. Kar ki taɓa wancan."

Katin wani matuƙi da ya ɓace
ya kwanta kan na wata mai sayar da gishiri,
kwali na shida da na arba'in:
shekara ɗaya, masauki ɗaya,
sunan jariri ɗaya.

Ya zauna dirshan cikin rigar barci,
ya laluba aljihu, babu fensir.
"Ara mini naki," in ji shi,
"da sabon kati."