Daƙiƙa Takwas

A wurin 'yan gwangwan na Agege na same shi,
an jingine shi da buhun kwalabe.
Nomau ya ɗora shi a sikeli, ya ce
kuɗin ƙarfe zan biya, katakon kyauta ne.
Mu huɗu muka cusa shi a bayan danfo,
kwandasta na ta zagi, wai kujera uku ya ci.

Fiyano ne, amma hanjinsa daban.
Haƙori talatin da biyar a bakinsa,
ƙarƙashin kowane haƙori zaren kaset na rataye
kamar taliyar da aka shanya a igiya.
Ka danna, zare ya tafi,
wani mai sarewa da bai taɓa ganin Ikko ba
ya busa maka daƙiƙa takwas.
Takwas cif. Daga nan shiru.
Sai ka ɗaga yatsa, zaren ya koma gida da gudu,
bawan Allah ya sake jan numfashi.

Wata bakwai ina jinyarsa.
Danshin teku ya shiga ƙashinsa,
fumfuna ta kafa gari a kan zaren goge.
Auduga da sifirit, haƙori bayan haƙori,
bel ɗin injin kuwa daga robar tayar keke na yanko.
In NEPA ta rage ƙarfi muryoyin su yi ƙasa
kamar 'yan amshin da ba su karya ba,
in an ta da janareta su haura, su wuce wuri.

'Yata Lantana ta dawo daga sutudiyo a Surulere
da ɗan akwati, bai fi tiren mai shayi ba,
maɓalli goma sha shida, kowanne da fitilarsa.
Ta ce, Baba, wannan ya haɗiye naka da kakan naka.
Ta naɗi kukan ƙofarmu ta mai da shi ganga,
ta naɗi mai rake yana kiran ciniki,
ta ja muryarsa har minti guda, ba ta tsinke ba.
Ba ya tsatsa, ba ya mura, yana shiga jaka.
Ban yi musu ba.
Ni mai gyara ne, na san abin da ke aiki.

Na dai ce, danna haƙori na sha tara.
Ta danna. Can wajen daƙiƙa ta shida
sarewar ta ɗan yi rawa,
kamar mai busa ya tuna bashi,
ko kujerarsa ta gota, ko zaren ne ya tsufa a nan.
Ta sake dannawa. Ta sake.
Ta ce, ai wannan kuskure ne.
Sannan ta jawo makirfo.

Ranar Asabar Mista Fagbemi ya zo daga Ikoyi,
mai tara tsofaffin kaya, da farin hankici a hannu.
Ko haƙori ɗaya bai danna ba,
lambar da ke baya ya duba da tocilan.
Ya ce zai sa shi a gilashi, a ɗaki mai sanyi,
inda ba yatsa, ba gumi.
Kuɗin da ya ambata hayar shago ce ta shekara uku,
mai gida kuwa sau biyu yana aiko takarda.
Na ce ya turo mota Litinin da hantsi.

Daren Lahadi ba mu runtsa ba.
Ina dannawa, tana naɗa,
sarewa, goge, muryoyin mutanen da ba mu san kabarinsu ba,
har da tarin injin, har da ruwa a kan kwano.
Kafin kiran assalatu duk sun ƙaura cikin ɗan akwatinta,
inda za su iya busa har a naɗe ƙasa
ba wanda ya ce ya gaji.

Ta ce in gwada. Na ɗora yatsa a maɓalli.
Sarewar ce, ita ce, har da rawar nan ta shida.
Ina ƙirgawa a zuci. Da na kai takwas
na ɗaga.
Ta ce, Baba, yanzu ba sai ka ɗaga ba.
Na ce, bar mutumin ya sha iska.