Tsohuwar Kwamfuresa

A kamfanin man gyaɗa, bayan layin dogo a Gusau,
akwai wata tsohuwa mai haɗiyar iska,
ta girme ni da shekara shida.
Manaja ya ce a kira 'yan gwangwan,
wai kuɗin wutarta ya fi albashinmu.

Nomau ya kara kunne a ƙirjinta.
"Ba mutuwa take ba, haki take."

Kwana tara muna rigingine ƙarƙashinta.
Sabuwar farfela, boris daga Kano,
muka toshe duk inda numfashi ke zurarewa.
Har yau baƙin mai bai bar farcena ba.

Ran Talata aka tada ta.
Ba gurnani, ba kakari,
allurar mita ta sunkuyar da kai.

Ƙarshen wata manaja ya duba takardar wuta sau biyu,
bai ce sannu ba.
Nomau dai goro ya nema.