Daren Wasiƙu Biyu

Shekara sha ɗaya ina miƙa mata tabarau,
ni Fitzroy, akawun gidan Gwamna Janar
a tsibirinmu mai ayaba da kwale-kwale.
Ismay Charlery, tsohuwar malamar lissafi,
wakiliyar sarkin da ke can ƙetaren teku.
Aikinta buɗe asibiti, raba kyautar makaranta,
da sa hannu inda minista ya ɗora yatsa.

Sai ga daren Talata, ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Kujerun majalisa sha bakwai ne,
ɗaya ya sauya sheƙa kan rigimar kasuwar kifi,
tara ta koma takwas kafin a ci tuwon dare.

Firayim Minista Alcide ya aiko da takarda:
a rushe majalisa, a koma ga akwati.
Madugun adawa Prospere ya zo da ƙafarsa,
lema na ɗiga a kan darduma,
ya ce tara na bayansa, a miƙa masa ragama.
Gaba kura, baya sayaki.

Ta ce, Fitzroy, ɗauko mini labarin wasu.
Na kwaso kundaye masu warin gansakuka.
A Kanbera, wakili ya taɓa korar gwamnati,
har yau ana musu a teburin abinci.
A Ottawa, wani ya ƙi rushe majalisa,
zaɓe na zuwa jama'a suka juya masa baya.
Can dai, daga baya, aka nemi a rufe zaure,
aka rufe, har zuciya ta huce.
Sarauta ɗaya, rantsuwa kusan iri ɗaya,
amma kowane ɗaki da inda yake yoyo.

Ta daɗe tana kallon fitilar masunta.
Ta ce, ba wanda ya dangwala mini ƙuri'a.
Ikon nan kayan aro ne, ba ya rufe katara.
Takobi ne da kwarjininsa ke cikin kube,
ranar da na zare shi, ranar zai fara tsatsa.
Amma idan na rantse ba zan taɓa zarewa ba,
me ya raba ni da hoton da ke bango?

Ban amsa ba. Na ƙara mata shayin citta.

Da asuba ta rubuta layi uku kacal:
majalisa ta zauna ranar Juma'a,
kowa ya miƙe a kira sunansa,
ni malamar lissafi ce, zan jira jimla.

Alcide ya kira ta 'yar amshin shata a rediyo,
Prospere ya ce matsoraciya ce.
Ta saurari duka biyun tana ɓare mangwaro.

Ran Juma'a aka ƙirga.
Ban je ba, ina neman murfin alƙalaminta,
ya gangara ƙarƙashin kujera tun daren nan.