Tsoka 'Yar Haya

Agogona ne ya fara tona asirin.
Bana ya zame har gindin babban yatsa
kamar munduwar aro.
Riga ta bi sahu, ta rataye a kafaɗa
sai ka ce an shanya ta a kan kara.

Ni Ilu magini, da na ɗora azara a rabin gidajen Kusfa,
nake cilla tubali sama a cafe,
wata Laraba, sallar magariba,
na ɗago daga sujada, ƙafa ta ce ba da ita ba.
Na dafa ƙasa, na dafa gwiwa,
na dafa yaron da ke gefena.
Liman ya kai rabin Fatiha kafin in miƙe.

A Shika likitar ta lallatsa damtsena
kamar mai zaɓen tumatir a kasuwar Tudun Wada.
Ta ce, Baba, tsoka 'yar haya ce,
in babu ci, babu aiki, kayanta take tattarawa.
Me kake ci?
Koko da safe, tuwo da dare, tsakani goro.
Naman miya fa?
Na yi dariya.
Shekara arba'in ina tura shi gefen yara,
wane uba zai haɗiye tsoka ɗansa na kallo?
Ta ce, yaran sun girma.
Wadda kake bayarwa yanzu, a jikinka kake yanko ta.

Wake, ta ce, da ƙwai, awara, kindirmo,
kifi ko da busasshe ne,
ƙuli-ƙuli in haƙori ya yarda.
Kada ka tara su a kwanon dare,
raba su kamar yadda kake raba wa leburori aiki.
Sannan ka ɗauki abu mai nauyi, ka ajiye, ka sake ɗauka.

Na dawo gida na kwaɓa siminti,
abin da hannu bai manta ba,
na cika gwangwani biyu, guntun rodi a tsakani.

A majalisa Cindo tela ya ce, jama'a ku zo,
Ilu zai shiga dambe.
Har mai shayi sai da ya dara.
Ban tanka ba. Mati nake tunawa,
santsin banɗaki, ƙugu ya karye,
wata bakwai ana juya shi kamar waina a tanda.
Ranar da aka fita da shi ta Ƙofar Gayan
na bi makara hannu a baya,
kafaɗata ba ta iya karɓar abokina ba.
Wannan ya fi dariyar Cindo ciwo.

Kwana uku a mako, bayan hantsi.
Tashi daga kujera, zauna, ba dafa komai.
Tura bangon zaure kamar ya ci mini bashi.
Gwangwani sama, gwangwani ƙasa.
Washegari hutu,
sabon gini ma sai ya sha iska ake ɗora masa.
Makon farko cinyoyina suka kai ƙarata wajen dare,
na kwana ina ba su haƙuri.

Jikata Hajo ce mai ƙirga,
kullum tana tsallake bakwai,
ni kuwa ban taɓa gyara mata ba.
Da rana in na tura mata tsokar miya
sai ta turo ta da ɗan yatsa:
likita ta ce taka ce.

Wata biyar ke nan.
Furfura ba ta ja da baya ba ko taku ɗaya,
ban kuma roƙe ta ba.
Ba ƙuruciya nake bi ba, ta yi nisa, ta wuce Kufena.
So nake in kai butata da kaina,
in kuma an ce wane ya rasu, a matsa mini in sa kafaɗa.

Jiya da asuba na tashi tare da sahu.
Ba wanda ya lura.

Sai da muka fito, muna laluben takalma,
Cindo ya raɗa mini,
wai ko simintin nan ya yi saura.